Littafin gyaran masallacin ƙasa na unguwarmu, Maraɗi

Asabar, 14 ga Disamba

An zauna bayan la'asar an yanke shawara: ba za a rushe masallacin ba, gyara shi za a yi. Ni aka damƙa wa littafin kuɗi, shi ya sa zan riƙa rubuta yadda aiki ke tafiya, don ƴan unguwa da ke Yamai da Kano da sauran wuraren nema su ga inda gudummawarsu ta shiga.

Ga wanda bai san shi ba, masallacin khamsu salawati ne, ba na Juma'a ba, sahu biyar yake ɗauka. Ginin tubali ne, rufin soro, ginshiƙai biyu a tsakiya da bakan gizo guda, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, a gaban alƙibla. Kakanninmu suka gina shi bayan ambaliyar 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon Maraɗi da ke cikin kwari, aka hawo da mutane tudu, Nasara ya ja musu tituna miƙaƙƙu. Wannan ambaliya ce ta sa garin da ya kafu tun zamanin Ɗan Kasawa ba shi da tsofaffin soraye irin na Birnin Damagaram. Abin da ya kai shekara saba'in a nan tsoho ne, kuma ba su da yawa.

Wani Alhaji cikin ƴan kasuwar unguwa ya ce a bar masa, ya ture shi ya zuba bulo da kwano da tayil, shi kaɗai zai biya. Niyyarsa alheri ce, kuma rabin mutanen da ke zaune sun so hakan. Malam liman ne ya raba gardama: an ba masu son gyara daga yau zuwa ganin watan azumi. In aka yi asham ta farko a ciki ƙarƙashin rufi lafiyayye, shi ke nan. In ba haka ba, a miƙa wa Alhaji.

Kuɗi a hannu: jika 310 na sefa, jika ɗaya sefa dubu ke nan.

Asabar, 21 ga Disamba

Baba magini ya iso tun jiya daga wajen Tibiri. Ya haura saba'in, a hannun mahaifinsa ya koyi aikin. Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi awo ba, sai da ya zagaye ginin yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar sandarsa. A gabas da kudu bangon sai ya amsa kamar ganga.

Ya ce, “Wa ya lulluɓe wanga gini da siminti?”

Aka ce masa tun shekarun baya ne, mutane sun gaji da yaɓe kowace shekara, aka yi karo-karo aka shafe shi gaba ɗaya.

Ya ce, “To ku ɓalle shi mu ga abin da ya rage.”

Samari suka sa guduma. Fallen farko da ya ɓallo ya kai faɗin ƙyaure, bayansa kuwa ba bango ba ne, gari ne ya zubo har gwiwar yaron da ke riƙe da gudumar. Na zura hannuna a ramin, ya shige har gwiwar hannu, ƙasar sanyi ƙalau alhali rabonmu da ruwa tun watan Satumba. Hanyoyin gara sun hau sun sauka a ciki, suna ta aikinsu a ɓoye shekara da shekaru.

Ga yadda abin yake faruwa, yadda Baba ya nuna mana a jikin bangon. Ginin ƙasa yana shan laima da damina, rana da iska su busar da shi da rani. Siminti ba ya kama jikin ƙasa sosai, kuma ba ya motsi tare da ita, sai ya tsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, daga sama ta rawanin ginin, daga ƙasa kuma ta wurin alwala, wanda aka manna a jikin bangon kudu. Ya shiga, ba hanyar fita. Daga waje ana ganin bango sumul, daga ciki yana narkewa. Da yaɓen ƙasa ne, da tun shekarar farko an ga inda ya zaizaye an toshe.

Bangon yamma da na arewa lafiya lau, don can simintin ya daɗe da zubewa da kansa, aka bar su ana yi musu ɗan faci. Waɗanda muke jin kunyarsu in baƙi sun zo, ashe su ne masu lafiya.

An tokare rufin gabas da gumagumai huɗu. Daga yau salla a rumfar zana, a waje.

Talata, 24 ga Disamba

Kwashe ɓaraguzai. Amalanken jaki sawu 9, jika 9. An mayar da wurin alwala nesa da bango, taku shida.

Asabar, 28 ga Disamba

Ƙasar tudun nan yashi ce, ba ta gini, dole aka sauka gulbi wajen masu bugun bulon ƙasa. An kawo laka amalanke 14 a kan jika 2 kowace, an sayi ciyawa da ƙaiƙayin gero na jika 6, yara sun tattaro kashin jaki kyauta. Ruwa ne mai cin kuɗi a ɓoye: ƴan garuwa sun ci jika 11 cikin mako.

Baba ya ƙi bulon kwali. Ya ce bangon da aka tayar da tubali, da tubali ake ɗinke shi, don mai kusurwa huɗu ba ya zama a cikin ramin da masu siffar ƙwai suka fita. Da hannu ake mulmula shi, gindi fato-fato, kai tsini, a jera a rana. Samari sun yi ta dariya da safe. Zuwa azahar ba mai iya miƙe ƙugunsa.

Asabar, 4 ga Janairu

Asara. Cikin tubalin da aka mulmula, kusan kashi biyu cikin uku sun tsattsage, wasu ana ɗagawa suke rabewa biyu.

Baba ya tafi Tibiri jana'iza ranar Lahadi, ya bar umarni a bar kwaɓin ya kwana uku ana tattaka shi ana yayyafa ruwa, har ciyawar ta ruɓe ta haɗe da lakar. Masu aiki suka ga lokaci yana gudu, suka kwaɓa da safe suka mulmula da yamma. Ga shi lakar gulbi mai danƙo ce ƙwarai, in ba a sirka ta da yashi ba tana tsukewa da yawa in ta bushe. Sai kuma iskar hunturu ta taso kwana biyu a jere, ta busar da bayan tubalin cikinsa yana ɗanye.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗauki guda ya murƙushe a tafinsa, ya nuna musu ciyawar, kore shar, ko laushi ba ta yi ba. Ya ce, “Ma'aji, ka rubuta cikin littahinka, mun sayi ruwa sau biyu.” Na rubuta.

Abu guda mai daɗi da ginin ƙasa, ba a zubar da kome. An farfasa su an mayar cikin rami, an ƙara yashi kwando ɗaya kan kowane kwando uku na laka. Wannan karon za a shanya su a inuwar dalbejiya, a rufe da zana. Asarar dai ruwa ce, jika 8, da mako guda wanda ya fi kuɗin zafi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Tun da ba abin yi sai jiran tubali, mu huɗu muka tafi garin Yama jiya ganin masallacinsu na ƙasa: ni, Baba, na'ibi, da Alhajin da ya so rushewa. Motarsa ce ma, man kuma bai karɓi ko dala ba. Mun bi ta Gidan Runji da Madawa, muka wuce Galmi da tulin albasarta, muka wuce kamfanin siminti na Malbaza, inda Alhaji ya nuna wa Baba da baki ya ce ga maƙiyinka can. Daga Tsarnawa muka karkata hanyar Tawa.

Masallacin Juma'ar Yama bai kai namu tsufa ba ma. A 1962 mutanen garin suka sa Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin, ya gina musu shi, kowa ya kawo abin da yake iyawa: mai tubali, mai itace, mai ɗebo ruwa. Da farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai, ba wani ado. A 1975 ya sake rufin, ya ɗora shi kan bakan gizo, ya tayar da tulluwa a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kuma babu biyu da suka yi kama da juna, kowace da nata hawa-hawa da nata kai. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine. Wato shekara ashirin mutum ɗaya da garinsa suna komawa kan gini ɗaya. Wannan ya fi kyautar tsaya mini a rai, don mu wa'adin wata biyu da rabi muka ba kanmu.

A ciki sanyi, alhali rana tsaka muka shiga. Haske kaɗan ne ke shigowa, sai ido ya saba kafin a ga bakunan sun tashi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Baba ya fi rabin awa kansa a sama. Abin da ya kama hankalinsa shi ne yadda aka yi bakan: damin ƙananan sanduna ne aka ɗaure aka lanƙwasa, aka binne gindinsu a ginshiƙi, aka yaɓe. Mai ginin bai jira dogon itacen da ƙasarsu ba ta da shi ba.

Alhaji bai ce kome ba sai a hanyar dawowa. Ya ce shi abin da ke damunsa ba kyau ba ne, wa zai riƙa yaɓe in tsofaffin nan sun ƙare? Ba wanda ya ba shi amsa, don tambayar gaskiya ce.

Laraba, 15 ga Janairu

Tubali na biyu ya yi kyau. An jefo ɗaya daga tsayin kafaɗa, bai fashe ba. An fara ɗinke bangon kudu daga gindi, kamu biyu-biyu, ana barin kowane hawa ya sha iska.

Litinin, 20 ga Janairu

Ranar kasuwa, mun je neman azara. Ta giginya ake so, musamman namiji, ɓangaren waje mai baƙin zare, wanda gara ba ta iya ci. Amma giginya yanzu itace ne da ma'aikatan gandun daji ke tsaro, ba a sara sai da takarda, kuma dajinta mai yawa yana can wajen Gaya. Mu nan abin da ke kusa da mu goruba ce, irin ta Gulbin Kaba.

Wani mai sayar da katako ya rantse mana cewa nasa giginya ce, guda 30 a kan jika 75. Na biya rabi, aka kawo da yamma. Baba ya sa farce ya kankare ɗaya, ya ɗaga ya ji nauyinta, ya jefar. Goma sha ɗaya ne kawai na kirki. Sauran, wasu goruba ce, wasu kuma cikin giginyar ne, farin nan mai laushi, an shafa musu baƙin mai don su yi duhu. An kai ruwa rana kafin ya karɓi kayansa, sai da mai unguwa ya aika masa. Mun riƙe sha ɗayan a kan jika 33, ya dawo da sauran kuɗin, ban da jika 2 na dako da ya ce ba ruwansa.

Lahadi, 26 ga Janairu

An buɗe rufin gabas. Kaurin ƙasar da ke kai ya ba kowa mamaki, ya fi kamu ɗaya. Shekara da shekaru in ya yi yoyo sai a hau a ƙara ƙasa, ba a taɓa kankare tsohuwa ba, nauyin nan ne ya danne bakan gizon har ya tsage a ƙeya. A gefen da aka yanka ana iya ƙirga yaɓe-yaɓen, ja da baƙi, wani mai kauri wani siriri. Can sama akwai leda baƙa, ita ma ta wani gyaran ce, kuma azarar da ke daidai ƙarƙashin inda ledar ta huje ita ta fi ruɓewa.

Labari mai daɗi: azarar asali ta kakanninmu, kusan duka lafiyarta ƙalau. Baƙa wuluk, in an buga tana ƙara. Waɗanda suka zama gari duk na gyaran baya ne. Da tsofaffin da sha ɗayan da muka saya, Baba ya ce za su isa in an yi tattali.

An sami ƙwaryar tawada da guntun allo maƙale tsakanin azara da bango. An ba Malam liman.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Bakan gizo. Azara ba ta iya tsallake fili mai faɗi, abin da ya wuce kamu huɗu sai ta fara lotsawa ƙarƙashin ƙasa, wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin masallatai suke cike da ginshiƙai. Bakan gizo shi ne dabarar rage su. Ana kafa azara a jikin bango tana ɗan karkata ciki, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara karkata, a yaɓe, a bari ya bushe, sannan a ɗora hawa na gaba. Haka daga wancan gefen, har su haɗu a sama. Ba katakon tallafi a ƙasa. In biyu suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙarshe shi ne Babban Gwani Mika'ilu, da ya gina masallacin Juma'ar Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Baba bai taɓa zuwa Zariya ba amma sunan yana bakinsa. Can ma a shekarun 1970 an kewaye ginin da na siminti, sai an shiga ciki ake ganin aikin gwanin.

Namu baka ɗaya ne tak, hawa uku kowane gefe. Yau an gama na farko. Baba ba ya hawa tsani yanzu, yana zaune kan turmi yana nuni da sanda, samari biyu ke ɗaurin. Ɗaya tela ne, ɗaya ɗan kabu-kabu. Telan hannunsa ya faɗa, ba a gyara masa ƙulli sau biyu.

Igiyar kaba jika 3. Abincin ma'aikata matan unguwa suka ɗauka, gida-gida.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Hawa na biyu. Ba matsala.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau ba a yi aiki sosai ba, gardama aka yi. Wasu matasa sun kawo hoton masallacin Agadas a waya, suna so tun da an fara a tayar da hasumiya irin ta can, ko da ƙarama.

Ta Agadas mita 27 ce, masallacin tun 1515, an sake gina hasumiyar a 1844, a 2013 kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Amma itatuwan nan da suka fito a jikinta ba ƙawa ba ce kawai, su ne matakan da masu yaɓe ke takawa. Wato tun ranar da aka gina ta an san za a yi ta komawa kanta. Kuma Agadas ruwan da take samu bai kama ƙafar namu ba. Wani ya kawo zancen Gobarau, tun da mu Katsinawa ne, ya ce ai can ana ruwa kamar nan kuma tana tsaye tun zamanin da ake danganta ta da Muhammadu Korau. Gaskiya ne, sai dai tana tsaye ne don ana gyaranta, kuma masallacin da take jikinsa ina yake?

Ra'ayina na faɗa a wurin: masallacin nan bai taɓa yin hasumiya ba. Matakala ce a jikin bangon arewa, taki bakwai, ladan ya hau rufi ya yi kira, kamar yawancin tsofaffin masallatan ƙasar Hausa. Ita za a gyara. Lasifika kuma a kafa mata ƙarfenta a ƙasa, a daina huda rawanin gini da ƙusa, don ta nan ma ruwa ya shiga. An amince, ba da daɗin rai ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Bakan ya haɗu ranar Laraba. Jiya aka jera azara, aka shimfiɗa zana a kai, aka fara zuba ƙasa, kauri bai wuce rabin na da ba, da gangara zuwa indararo.

Saura abin da zai hana yoyo. Na da can laso ake yi, da katsin marina da gashin akuya daga majema da ruwan dafara. Mun yi cigiyar katsi, masu rini yanzu da garin kanti suke yi a cikin duro, ba rami ba toka. Wasu sun ce a sake shimfiɗa leda, wasu baƙin mai. Baba ya ce leda, in dai shi ke aikin, a'a, mun ga abin da ta yi. An tsaya kan makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya yi kauri, a kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi. An samo buhu 5 ta hannun wata mai daddawa, jika 15. Warinsa ya cika layin, yaran makarantar allo suna toshe hanci.

Indararo huɗu na kwano, dogaye, don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango: jika 10. Nan ba wanda ya ce sai na gargajiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Lissafi. An tara jika 310 da farko, an ƙara 95 daga ƴan unguwa na waje. Abin da ya fita: laka da yashi 46, ruwa 52, ciyawa da ƙaiƙayi 12, kwashe ɓaraguzai 9, azara da dako 35, igiya da zana 14, makuba 15, indararo 10, ƙarfen lasifika da waya 18, ladan Baba 120, ƴan ƙwadago 60. Jimla 391. Saura 14.

Ruwa ya fi azara tsada. Ba wanda ya kawo haka a ransa ranar da muka zauna.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An cire gumaguman da suka tokare rufi tun shekaranjiya. Baba ya sa an ɗaura zare daga ƙeyar baka da dutse a ƙarshensa, ya ja layi a ƙasa, yau da safe dutsen yana inda yake. An yi daɓe, an shafa farar ƙasa a ciki, an shimfiɗa tabarmi. Azahar ta yau a ciki aka yi ta. Da ɗan ɗanyen wari har yanzu, an bar ƙofofi a buɗe.

Abin da bai ƙare ba: yaɓen waje na gabas da kudu hannu ɗaya kawai aka yi, yana son na biyu da makuba, matakalar ladan kuma ba a taɓa ta ba. Baba ya ce ba zai sa mutane kwaɓi da azumi a baki ba, sai bayan salla, amma lalle a gama kafin ƙarshen Mayu, kada ruwan farko ya same shi tsirara. Ya ƙiyasta jika 70. Muna da 14.

Alhaji ya zo sallar. Da aka fito ya ce zai cika sauran, da sharaɗi guda: a rubuta a takarda, da sa hannun mai unguwa da liman, cewa kowace shekara bayan an kai amfanin gona gida za a ware ranar yaɓe, kuma kowane gida zai ba da mutum ɗaya ko jika ɗaya. Ya kuma ce zai riƙa biyan telan nan kuɗin yini in ya yarda ya bi Baba Tibiri ya ga aiki biyu ko uku kafin damina. Telan ya ce sai ya yi shawara da mahaifiyarsa, don ɗinkin salla ya taso.

Za a zauna kan takardar ranar Lahadi bayan la'asar. Wanda ke da gudummawa ya riƙe ta tukuna, sai an sa hannu zan buɗe sabon shafi.